Ku Tambaya Mu Amsa: Ina kiran ƴan kasuwa a waya suna kashe mini, mi zan ce masu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni matashi ne nan Maradi, ina aiki wurin wani mai saida kayan sola, panno da batir da fitilu, kuma kamasho nike ci, in ban saida ba babu ko dala. Maigidana ya ba ni lambobin masu butik da teloli da masu saida ƙanƙara ya ce in riƙa kira ina yi masu talla. Wallahi Malam kredina ƙarewa yake a banza, wani ya ce wa ya ba ka lambata, wani ya ce ya yi tsada a Jibiya ya fi araha, wani ya ce sai na yi shawara, daga nan ko na sake kira ba ya ɗauka. Mi zan riƙa ce masu? Daga ƙanenka na unguwar Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi ma nema albarka. Abin da na fara lura da shi cikin wasiƙarka shi ne kana son ka gama ciniki a cikin waya, to nan Maradi ba a haka. Ba Alhajin da zai hidda jikka ɗari biyu ko ɗari uku ya ba muryar da bai taɓa ganin mai ita ba. Abin da kake nema da kiran nan guda ɗaya ne tak, ya ce maka "to ka zo butik mu gani". In ka samu wannan kiranka ya biya kuɗɗin kredinshi, sauran magana a kan benci za a yi ta.

Mu fara da mai cewa wa ya ba ka lambata, don shi ne ya fi kowa gaskiya. Kai ma ka san yadda ƴan damfara suka ɓata waya, su kira mutum su ce ka ci kyauta, ko an turo maka kuɗɗi bisa kuskure ka maido, mutane da yawa sun sha wannan wuta, don haka baƙuwar lamba in ta shigo mutum ya riga ya ɗaure fuska tun kafin ya ce alo. Kar ka yi kwana-kwana wurin amsa. Faɗi sunanka da sunan maigidanka da inda shagonku yake, layi kaza kusa da masallaci kaza, sannan ka faɗi gaskiyar inda ka samu lambar, in a jikin allon butik ɗinshi ka gani ka ce haka, in maigidanka ya ba ka ka ce haka. Kuma tun farko ka ce mashi "Alhaji ba kuɗɗi nike so ka turo ba, ba kuma wata lambar sirri zan tambaye ka ba", za ka ji muryarshi ta sauka. Abin da ya fi duka kuwa shi ne ka koma wurin maigidanka ku zauna ku hidda sunayen waɗanda kuka taɓa haɗa ma sola kuma suna jin daɗinta, ku roƙe su izini, in ka kira tela ka ce mu muka yi ma wane na layinku aiki, ka tambaye shi. Garin nan da sanayya ake ciniki, sunan mutum guda da ya sani ya fi maka dogon bayani a kan wat da bolt. Amma don Allah kar ka ambaci sunan wanda bai yarda ba, ko wanda ba ku yi ma aiki ba, rana ɗaya za su haɗu wurin suna ko jana'iza maganar ta fito, shi ke nan kun rufe ma kanku layi guda.

Sai kuma lokaci. Litinin da Juma'a ranakun kasuwa ne, mutum na cikin kiliya yana ƙirga canji ka kira shi da zancen panno, dole ya kashe. Haka gab da sallar azahar ko magariba. Ka fara da gaisuwa kamar yadda aka saba, ya kasuwa ya iyali, sannan ka ce "ko na same ka cikin aiki in sake kira?" In ya ce bayan la'asar, to bayan la'asar ɗin, kar ka wuce.

Yanzu zancen tsada da Jibiya, nan nike so ka natsu. Kar ka ce mashi ƙarya ne, don ba ƙarya ba ne. Tun da aka saki naira a 2023 ta faɗi ƙwarai, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro, mai sefa a aljihu in ya bi ta Ɗan Isa ya ƙetara Najeriya zuwa Jibiya yana ganin kaya da sauƙi, kuma ɗan kasuwar Maradi ya fi ka sanin canjin yau. In ka yi mashi gardama a nan ka sha kaye. Ka ce "gaskiyarka Alhaji", sannan ka tambaye shi, in batir ya mutu bayan wata huɗu wa zai maida ma? Wa zai hau rufi ya haɗa mashi, ya auna ko pannon ya kai abin da aka rubuta a bayanshi? Don a harkar sola batir ne ke fara mutuwa, panno mai kyau na iya shekara ashirin yana aiki, shi kuwa batir na ruwa in ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum cikin zafin Afrilu da Mayu ba ya daɗewa. To abin da kake saidawa da Jibiya ba ta da shi shi ne kai kana nan cikin gari, ana iya zuwa a kama ka. Amma wannan magana ba ta da amfani sai in maigidanka na ba da garanti a rubuce, in ba ya bayarwa ka matsa mashi ya fara, in ba haka ba kai za a riƙa tsarewa a hanya.

Kuma kar ka yi saurin rage kuɗɗi da ka ji kalmar tsada. Tambaye shi nawa yake kashewa yanzu. Mai ƙanƙara da mai cajin waya da tela mai injin kuran duk sun tuna 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sun san abin da rashin kuran ya yi ma kasuwarsu, ba sai ka tuna masu da yawa ba. Ka ce Alhaji lita nawa gurup ɗinka ke sha in an ɗauke wuta? A 2024 gwamnati ta maida litar esansi sefa 499, wato kusan dala ɗari, in ya ce lita uku a rana ka bar shi ya buga da kanshi, jikka ɗaya da rabi kullum, wajen jikka 45 a wata, ban da baƙin mai da gyara. Lissafin da ya fito daga bakinshi ba zai musa shi ba. Sai dai ka ji tsoron Allah wurin mai frigo, kar ka ce mashi ƙaramin panno guda zai ja mashi injin ƙanƙara dare da rana don kawai ka ci kamasho, ka je ka ga kayanshi tukuna.

Shi kuwa "sai na yi shawara" iri biyu ne. Wani da gaske butik ɗin ba nashi ba ne, yaron shago ne ko ƙane, mai kuɗɗin yana Kano ko Kwatano wurin sari, wannan ka ce "wa ya kamata in gaida a kan maganar, yaushe zai dawo?" Wani kuma a'a ce yake faɗi cikin kunya don ba ya son ya kunyata ka. Ka sauƙaƙa mashi, ka ce "Alhaji in yanzu ba lokacinshi ba ne ba komi wallahi, in tuntuɓe ka gab da azumi?" Mai ƙanƙara da mai lemu kafin azumi da kafin bazara suke tunanin wuta, ɗan hatsi kuma sai bayan kaka kuɗɗi ke hannunshi. Rubuta a littafi, wa ka kira, mi ya ce, yaushe za ka koma. Wanda ka kira sau biyu bai ɗauka ba ka tura mashi gajeren saƙon murya a WhatsApp da hoton aikin da kuka yi, ka ƙyale shi. Wanda ya ce kar ka sake kirana, goge lambar, haƙƙinshi ne.

TAMBAYA: Malam ni ina yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gida, ina kiran masu butik sai su ce muna da mai kawo muna, ko su ce kawo sai an saida mu biya. Jarina kaɗan ne. Daga wata ƴar'uwa a unguwar Zariya.

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari. Mai cewa yana da mai kawo mashi kar ki kushe wancan, wata ƙila ƴar'uwarshi ce. Ki ce "Allah ya bar zumunci, ni dai ka riƙe lambata ranar da nata ya yanke", ki aika yaro da ɗan ɗanɗano a leda, mai a ƙaramar kwalba, don man gyaɗa hanci da harshe ke sayenshi. Zancen sai an saida kuwa, kar ki ce a'a gaba ɗaya, kar kuma ki zuba jarinki duka a kantar mutum. Ba shi kwalba biyar, ku yanke ranar biya tun a wayar, misali Juma'a mai zuwa, ya turo ta Nita ko Amana ko ki aika a karɓo, in ya cika ki ƙara mashi zuwa goma, in ya fara "gobe, jibi" ki karɓi kuɗɗin biyar ɗin ki tsaya nan.