Idan aka ɗauke wuta ina cikin lifta, za ta faɗo da ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ofishinmu yana hawa na bakwai a wani gini a Abuja. Kwanakin baya aka ɗauke wuta muna cikin lifta, ta tsaya cak tsakanin hawa biyu, mutane suka hau salati, wani ma ya fara kokawa da ƙofa. Tun ranar da ƙafa nake hawa, ga ni da ciwon gwiwa. Shin ɗauke wuta na iya sa ta faɗo? In igiyar ta tsinke fa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Tsayawar nan da ta tsorata ki, aikinta ke nan ta yi daidai. Birkin lifta ba da wuta yake kamawa ba, da wuta yake saki. Wasu sifirin masu ƙarfi ne ke matse shi kullum, sai an tashi tafiya lantarki ya shiga maganaɗisu ya buɗe shi. Saboda haka da zarar wuta ta ɗauke, sifirin ya koma ya damƙe injin, lifta ta tsaya inda take. Ko kwana za a yi babu wuta, tana nan riƙe.

Mutane da yawa na kallon lifta kamar guga da aka zura rijiya da igiya ɗaya. Ba haka take ba. Igiyoyin ƙarfe ne da dama, galibi huɗu zuwa takwas, kuma ƙa'idar Turai ta EN 81 ta ce in sun kai uku ko fiye, sai ƙarfinsu ya ninka nauyin da za su ɗauka aƙalla sau 12. Igiyoyin kan haura kan wani gargare a wurin injin su sauko ta ɗaya ɓangaren, inda aka rataye tarin ƙarafa masu nauyin akwatin lifta, haɗe da kusan rabin kayan da aka ƙayyade mata. Wannan ne ke rage wa injin wahala. Kuma abin da zai ba ki mamaki, lifta mai mutum ɗaya ko biyu, in da birki zai saki, sama za ta nufa, domin ƙarafan sun rinjaye ta.

To, a ce duk igiyoyin sun tsinke. Akwai wata na'ura mai lura da gudu, da tata igiyar daban. Idan gudu ya zarce wanda aka ƙayyade da kashi 15 cikin 100 ko fiye, sai ta fizgi wasu haƙoran ƙarfe da ke jikin akwatin, su cije dogayen ƙarafan da lifta ke bi a jikin bango. Ita ma ba ruwanta da lantarki. Asalin dabarar ta Elisha Otis ce, wanda a 1854 ya hau dandamali a wani baje koli a birnin New York ya sa aka datse igiyar a gaban jama'a, bai faɗo ba. A 1857 aka kafa liftarsa ta farko mai ɗaukar mutane a wani kanti a birnin.

Wanda ya fi tayar mini da hankali a labarinki shi ne mutumin nan mai kokawa da ƙofa. Nan hatsarin yake. In lifta ta maƙale tsakanin hawa biyu, ƙarƙashinta rami ne buɗe, mai dirowa na iya zamewa ciki. Sannan janareta na iya tashi a kowane lokaci, lifta ta motsa rabin jikin mutum na waje. Ki danna maɓallin ƙararrawa, ki kira masu kula da ginin a waya, ki matsa daga ƙofa, ki zauna in kin gaji. Iska ba za ta ƙare ba, akwai kafofin shigarta. Zafi dai za a sha. Kada ki yarda maigadi ko wani mai neman lada ya jawo ki ta saman ƙofa, sai ma'aikacin da ya san aikin ya kashe babban makunni ya daidaita ta da daɓen hawa.

Duk wannan kariya tana aiki ne in ana duba ta, kuma a nan ne masu gine-ginenmu da yawa ke sakaci, sai abu ya lalace ake kiran makaniki. Ku haɗu a ofis ku tambayi manajan ginin yaushe aka yi mata sabis na ƙarshe, kuma ko tana da na'urar ceto mai batir, wadda in wuta ta ɗauke take lallaɓa lifta zuwa hawa mafi kusa ta buɗe ƙofa. A ƙasar da ake ɗauke wuta kullum, ni ban ga hujjar kafa lifta babu ita ba. In kin ga tana tsayawa ba daidai da daɓe ba, ko ƙofa na buge mutane, ko ƙararrawa ba ta kuka, ki kai rahoto ki bi matakala har a gyara. Ki kuma duba allon da ke ciki mai nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka: misali, kilo 630 na mutum 8 ne, a lissafin kilo 75 kowane mutum.

In ba ki ga waɗannan alamu ba, ki koma hawa ki huta wa gwiwarki. Lokacin gobara kuwa ba a shiga lifta ko tana aiki, domin hayaƙi na bin raminta, wuta kuma na iya yankewa kina ciki.