Amsoshin tambayoyinku kan gwajin kansar bututun madaciya

Tambaya: Likita an rubuta wa babana ERCP, wai tiyata ce?

A'a, ba a yanka ko'ina. Roba ce mai kyamara ake zurawa ta baki har farkon hanji inda bututun madaciya ke zubowa, sai a shiga da ɗan burushi ko ɗan hantsaki a ɗebo abin da za a duba. Ana ba shi maganin barci tukuna. Kar ya ci komai awa 6 zuwa 8 kafin lokacin, in yana shan maganin tsinka jini irin warfarin ku faɗa tun da wuri.

Tambaya: Mamata idonta ya yi ɗorawa sati uku, ga ƙaiƙayi ga rama, likitoci sun ce a gutsuro nama amma dangi sun hana, wai da zarar ƙarfe ya taɓa kansa sai ta bazu. Yanzu jiƙon shawara ake ba ta.

Baiwar Allah wannan maganar ta ishe ni wallahi. Ba kowace shawara ce ciwon hanta ba, akwai wadda toshewa ce, madaciya ta rasa hanyar fita sai ta koma cikin jini, shi ya sa za ki ga fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, mutum na susa har ya ji wa kansa ciwo. To wane jiƙo ne zai buɗe bututun da ya toshe? Sai dai ya ƙara wa hanta da ƙoda wahala. Burushin nan ta cikin bututun yake bi, ba ya baza komai, abin da ke faruwa shi ne mutane na zuwa a makare, bayan gwaji sai a ɗora wa gwajin laifi. Kuma ba lallai kansa ba ce, tsakuwa ko tabo ma na toshewa, ba a ganewa sai an duba. A zaman guda ma ana iya sa ɗan bututu, sitent, madaciyar ta sauka ƙaiƙayin ya lafa. Ki kai ta asibiti satin nan. In zazzaɓi da rawar sanyi suka shigo kuwa kar a kwana, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, yana kisa. A daina jiƙon nan don Allah.

Tambaya: Sakamako ya fito ba kansa ba ce, amma likita ya ce a sake. Neman kuɗi ne?

Ba haka ba ne Malam. Wannan kansar a jikin bangon bututun take lafewa, burushi kan kuskure kusan rabi, shi ya sa ake komawa da ƙaramar kyamara har cikin bututun a ga wurin ido da ido. Ku koma.

Tambaya: An yi wa mijina ERCP jiya, yanzu ciwon ciki har gadon baya da amai.

Ku tafi asibiti yanzu-yanzu Hajiya, kumburin fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi kusa da bututun madaciya, shi ne matsalar da aka fi gani bayan ERCP. Kar ki ba shi komai ta baki kafin ku isa.