Yara da talabijin a Zangon Kumasi

Ɗan uwa ka tambaya wai mu da muke Ghana ya muke yi da yara kan talabijin, ko kashewa muke kamar yadda kace kana yi a gidanka a Kano. To gaskiya anan kashewa bata aiki, don yawancinmu a Aboabo da Asawase gidan haya muke, ɗaki ɗaki tsakar gida ɗaya, in ka kashe taka yaro zai sulale ɗakin maƙwabta ya ɗora daga inda ya tsaya, kai kuma kana nan kana ganin ka yi tarbiyya.

Shi yasa iyaye mata anan zama suke tare da su a kalla. Lokacin da Adom TV ta fara sa fim ɗin Indiya Kumkum Bhagya da Tonanci, wato yaren Asante, a 2015, ai gida gida ake kallonsa, uwa tana tankaɗen garin tuwon zafi tana sharhi, "kun ga kukan nan da take? biyanta aka yi, ana kashe kyamara zata share ido taje ta ci abinci." Yaro tun yana ƙarami ya san wasa ne.

Amma wallahi ba fim ɗin Indiya ne ya fi tada mana hankali ba, tashoshin masu ninka kuɗi ne. Mutum ya naɗa rawani ya riƙe carbi ya kira kansa malam, yana zazzago kuɗi daga akwati, lambar wayarsa na yawo a ƙasan allo, kuma sunan mutanen zango yake ɓatawa. A 2021 wasu samari biyu suka kashe wani ƙaramin yaro a garin Kasoa kusa da Accra saboda tsafin kuɗi, ƙasa ta ɗau zafi, a watan Afrilun shekarar hukumar sadarwa ta NCA ta sanar da rufe tashoshi 49 marasa lasisi. Ni dai in irin wannan ya fito bana saurin canja tasha, tambayarsu nake, in da gaske yana ninka kuɗi me yake nema da ɗan cedi ɗinku? Malaminku na makaranta da ya haddace Alƙur'ani kun taɓa ganin yayi haka? Sai su yi dariya.

Arewa24 kuwa da gangan muke kunna musu, don Hausarsu ta fara zama rabi Tonanci rabi Turanci, mace ma "ya zo" suke ce mata.