Itatuwan ceri sun yi fure fal, 'ya'ya kaɗan

Ɗan'uwa, ka ce itatuwan cerinka suna cika da fure har reshe ya yi fari fat, amma 'ya'yan ba su taka kara sun karya ba. Kafin ka zargi taki ko ruwa, duba ƙudan zuma.

Galibin ceri mai zaƙi ba ya ɗaukar 'ya'ya da garin furen irinsa. Dole ƙwaro ya ɗebo garin daga wani iri daban da ya dace, wanda yake fure a lokaci guda. Ko da ka haɗa irin cerin da ake kira Bing da wanda ake kira Lambert, ba su barbarar juna, don haka a nan ma sai ka kula. 

Wata safiya ka tsaya gindin bishiya ɗaya ka kasa kunne. In ka ji shiru, ga amsarka nan. Zuman amya ba ya son fita idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 12 a ma'aunin Celsius ko ana iska da yayyafi, ga shi ceri da abirikot da wuri suke fure. A irin wannan yanayi manyan zuma masu gashi da ƙananan zuman daji na jinsin Osmia, waɗanda ke toshe ramukansu da laka, su ne ke ci gaba da aiki. Ka bar musu ciyayi a gefen gona da busassun karare masu rami.

Amya kuma ka shigo da ita bayan furen ya fara buɗewa, kada ƙudan zuman su saba da wani furen a waje. Don Allah kada ka yi feshin maganin ƙwari muddin fure na buɗe.