Amsoshin Tambayoyinku: Fim ɗin Yaro da Makashi, da Maganar Mimori Jabu

Wata uwa daga Gusau ta ce ɗanta mai shekara 14 ya turo wani fim ɗin Amurka a wajen masu turi, na saurayin da ya gano maƙwabcinsu ne ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, ya kalla da ƙannensa, yanzu ƙaramar ba ta barci sai a jikinta. Hajiya ki kwantar da hankalinki, tsoro ne kawai kuma zai wuce in sha Allah. Ki bar ta ta kwana wajenki kwana biyu, a yi mata addu'ar barci, ki gaya mata wasa ne kuma jinin ma fenti ne. Amma a goge fim ɗin. Irin waɗannan yawanci 18 ake rubuta musu, wato na manya, kuma yaranmu a Zamfara sun riga sun ji labarin kisa ya ishe su, ba sai mun siyo musu wani da kuɗinmu ba.

Wani daga Ƙaura Namoda yana tambaya wai yaron cikin fim ɗin ya mutu a ƙarshe? Haba malam. Je ka kalla.

Sai ɗalibi daga Talata Mafara da ya sayi mimori 64GB a araha, aka cika masa shi da finafinai, daidai inda yaron ya shiga ɗakin makashin hoto ya tsaya cak, sauran ma suka ƙi buɗuwa, wai ko wayarsa ce ta lalace. Ƙanina wayarka lafiyarta lau, jabu aka sayar maka! Wannan abu yana ci min rai wallahi, kullum ina faɗa kullum ana sake faɗawa. Mimorin a ciki bai wuce 4GB ko 8GB ba, an dai saita shi ne ya riƙa nuna 64GB, da ya cika sai sabon abu ya riƙa hawa kan tsoho ko ya ɓace, sunan fim na nan amma ciki wayam, kuma yau fim ne ya tafi gobe hotunan bikin yayarka ne ko takardun makaranta. Kwali mai sheƙi da sunan SanDisk ba hujja ba ne, shi ma bugawa ake. In an ce maka 64GB a kuɗin 8GB, juya kawai. Ka sayi ƙarami na gaske a shagon da ka san zaka iya komawa, ban da na kan tire a tasha, ka sa mai shago ya zuba masa manyan fayil har ya kusa cika, ka buɗe na farko da na ƙarshe a gabansa kafin ka miƙa kuɗi. Wanda ya ƙi yarda a gwada, ya san abin da yake sayarwa.

Mai tambaya ko ta zuba data ta sauke da kanta: a'a, fim ɗaya mai kyan hoto na iya cinye 1GB, turi ya fi miki sauƙi, kawai ki je da wayarki ki tsaya a kanta kar ki bar ta a shago.