Me ya sa robar birki ta kumbura bayan wanki da fetur?

Malam, ka ce ka wanke robobin birki da fetur, washegari suka kumbura suka ƙi komawa mazauninsu. Laifin fetur ɗin ne.

Roba dogayen zaruruwa ce da aka ɗaure su da juna lokacin gasa ta, galibi da farar wuta. Ɗaurin nan shi ke hana ta narkewa. Sai dai ruwan da sinadarinsa ya yi kama da nata ya kutsa tsakanin zaruruwan ya buɗa su, shi ne kumburin. Robar birki galibi nau'in roba ce mai suna EPDM: tana jure man birki nau'in DOT 3 da DOT 4, amma fetur, kananzir da man inji shan su take kamar soso. Wani nau'in roba mai suna NBR kuwa akasin haka yake, yana jure fetur, man birki ke lalata shi. A ido duk baƙaƙe ne, nan makanikai da yawa ke ruɗewa.

Kada ka shanya ta ka mayar. Ko ta saɓe, ƙarfinta ya ragu, za ta iya toshe ramin da man birki ke bi ya koma, birki ya riƙa kamewa. Sa sababbi, ka wanke sassan da sabon man birki kawai.