Farautar hatimi a gindin dutsen guga

Wata baiwar Allah da ke zaune a Bronx, cikin birnin New York, ta aiko da tambaya: "Malam, barka da aiki. 'Yata ta ja ni wani wasa da Turawa ke ce wa letterboxing, kusa da lambun Madison Square inda ake hango ginin Flatiron. Mun bi kwatance har muka gano ɗan akwatin da aka ɓoye. Da na buga wa Inna waya in ba ta labari sai na rasa sunan wasan da Hausa. Ita kuwa ta yi dariya ta ce, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Mene ne sunan wasan, kuma wane ne falke?"

Malama, a gaida Inna, don ta riga ni ba da rabin amsa.

Kada ki ce mata "wasan akwatin wasiƙa", za ta zaci gidan waya kuka je. Sunan Turancin tarihi ne ya bar shi. A 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, can cikin dajin Dartmoor na Ingila, domin duk wanda ya kai wurin ya jefa katin sunansa. Daga baya mutane suka riƙa barin wasiƙa, wanda ya zo bayansu ya kai gidan waya. Wasan ya bazu a Amurka bayan mujallar Smithsonian ta yi rubutu a kansa a 1998. Yau babu wasiƙa a akwatin. Ɗan littafi ne da hatimin roba, sau da yawa sassaƙar hannu. Ki buga naki hatimin a littafin akwati, ki buga na akwati a naki littafin, ki mayar da komai inda kika same shi.

To, tunda abin da ake bi hatimi ne, ni "farautar hatimi" zan ce. Na zaɓi hatimi da gangan. Kan sarki shi ne wanda ake mannawa a ambulan, sunan ya samo asali daga hoton kan sarkin Ingila da ke jikinsa zamanin Turawa. Tambari kuwa asalinsa gangar sarauta ce, ko da yake yanzu har alamar kamfani ana kira tambari. Hatimi, aro daga Larabci, shi ne wanda ake dangwala wa tawada a buga, irin na alƙali da na sarki. Kuma kada a ce tsintuwa. Tsintuwa ba a fita nemanta, ku kuwa da kwatance kuka fita, wani lokaci ma kwatancen kacici-kacici ne.

Ginin ba zai ba ki wahala ba. Flatiron dutsen guga ke nan, irin na ƙarfe da ake ɗorawa a kan wuta ya yi zafi. An gama shi a 1902, hawa 22, a inda titin Broadway ya gitta Fifth Avenue, shi ya sa ya fito da kusurwa uku, gabansa a tsuke kamar hancin dutsen guga. Ki ce wa Inna dogon bene ne mai siffar dutsen guga. Bene ya fi soro dacewa a nan, don soro ginin ƙasa yake kawowa a rai. Hasumiya kuma ta masallaci ce, kamar Gobarau ta Katsina.

Saura falke. Shi ne tilon fatake, 'yan kasuwar da ke tafiya ayari da jakuna, su kai kanwa da tufafi Gwanja su komo da goro. Dukiyar falke duk a bayan jaki take tafiya. In matarsa ta haifi jaki, ga kowa abin tashin hankali ne, a wurinsa kuwa abin da zai je kasuwa ya saya ne ya zo har gida. Akwai zolaya a ciki: ana faɗinsa in mutum ya sami abin da yake ƙulafuci, musamman in masu kallo ba su ga abin murna a ciki ba. Inna ta ji kin ratsa birni guda saboda guntun roba da tawada, ai kin ga inda ta dosa.